Kafin hannu ya miƙa: yadda yaro mai lalurar Down ke koyon tsara mataki

Ka ɗebo koko a cokali ka ajiye a gaban jariri ɗan wata 9, amma ka juya mariƙin ya kalli hagunsa. In ba bahago ba ne, dama zai kawo, ya damƙi cokalin ta inda hannun ya faɗa, ya nufi baki da shi. Mariƙin ne zai shiga bakin, kokon kuwa yana can ɗaya gefen yana ɗiga a ƙirji. Sai ya ji ƙarfe a dasashi sannan zai gane an yi kure. Ɗan wata 14 shi ma da dama zai ɗauka, amma kafin cokalin ya iso baki sai ka ga ya tsaya, ya murɗa wuyan hannu ko ya miƙa wa hagu, ya gyara a kan hanya. Ɗan wata 19 kuwa kallon cokalin zai fara yi, sai ya miƙa hannun da ya dace tun farko, babu gyara babu ɓari.

Wasu masu bincike uku a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, Michael McCarty da Rachel Clifton da Roberta Collard, su ne suka yi wannan gwaji suka wallafa shi a 1999. Abin da ya burge ni a ciki shi ne yadda wurin gyaran kuskure ke ƙaura. Da farko a baki ake gyarawa, daga baya a hanya, a ƙarshe kuma a cikin kai, tun hannu bai motsa ba. Wannan ƙaura ita ce masana ke nufi idan sun ce yaro ya fara tsara mataki: ya riƙe abin da yake so a zuci, ya hango abin da ke tsakaninsa da shi, ya jera motsinsa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma danne hannun da ke ɗokin miƙewa kafin lokaci. Mu manya idan aka ce tsari sai tunaninmu ya tafi kan kasafin kuɗi da jadawalin makaranta, alhali tushen abin yana nan a kan tabarma, tun yaro bai iya kiran sunan uwarsa ba.

A yara masu lalurar Down wannan ƙaura tana ɗaukar lokaci mai tsawo, kuma tana bin wata hanya tata daban. Lalurar ta samo suna daga likitan Ingila John Langdon Down, wanda ya siffanta ta a 1866, amma sai a 1959 ne aka gano musabbabinta a birnin Paris, a aikin Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin. Ƙwayar halittar ɗan Adam tana ɗauke da kuromozom 46, wato zaruruwan da ke riƙe da bayanan gado, a jere biyu-biyu. Mai wannan lalura galibi yana da 47, saboda na 21 ya zo uku. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga watan 3 a matsayin ranarsu, tun daga 2012. Ƙiyasin Majalisar ya ce ana samun jariri ɗaya a cikin kowane 1,000 zuwa 1,100 da aka haifa. Babu ƙabilar da ba ta da su, kuma babu wani abu da uwa ta ci ko ta aikata da ciki da ya jawo hakan. A kafafen watsa labarai na Hausa akan ce galahanga, sai dai kalmar ana ɗora ta kan larurori fiye da ɗaya waɗanda ba su da alaƙa da juna, don haka a nan zan tsaya kan lalurar Down.

Tambayar da ta daɗe tana cin masu bincike ita ce: shin yaron yana bin hanyar kowa ne sannu a hankali, ko kuwa akwai wuraren da ya fi sauran wuraren jinkiri? Yadda suke auna wannan yana da hikima. Ba sa kwatanta ɗan shekara 4 mai lalurar da sa'ansa na haihuwa, domin kowa ya san amsar. Sukan nemo yaron da ba shi da lalurar wanda gwajin fahimta ya nuna matakinsu ɗaya, wataƙila ɗan shekara 2, sai su ba su aiki iri ɗaya. In jinkiri ne zalla, ya kamata su yi kunnen doki a ko'ina. Ba haka ake samu ba. Wajen kwaikwayo da tuna inda aka ajiye abu, mai lalurar yakan yi daidai da abokin gwajinsa. Wajen riƙe magana a kai da haɗa matakai don cimma wata buƙata kuwa, sai a ga ya rage a baya, ko da an riga an cire bambancin shekaru daga lissafi.

Tun a shekarun 1930 masanin Suwizalan Jean Piaget ya lura a kan 'ya'yansa cewa tsakanin wata 8 zuwa 12 jariri yakan fara yin wani abu domin ya sami wani abu dabam: ya ture matashi don ya kai ga abin wasan da ke bayansa. Peter Willatts na Jami'ar Dundee a Sukotilan ya mayar da wannan lura gwaji mai sauƙi. A shimfiɗa ƙyalle, a ɗora abin wasa a can ƙarshensa inda hannu ba ya kaiwa. Ɗan wata 6 yakan ja ƙyallen ya shagala da shi, ya cusa a baki. In abin wasan ya matso, sa'a ce. Zuwa wata 8 sai ka ga idonsa a kafe kan abin wasan, ya fizgo ƙyallen da hanzari, hannu a buɗe yana jiran isowarsa. Ƙyallen ya tashi daga abin sha'awa ya zama kayan aiki. Jarirai masu lalurar Down suna isa wannan mataki, amma a makare, kuma ko sun isa, sau da yawa dabarar ba ta zauna musu daram ba: yau a yi, gobe a koma tauna ƙyalle.

Akwai wani gwajin da ya fi wannan tona asirin matsalar, wanda wata mai bincike, Adele Diamond, ta shahara da shi. Ana sa abin wasa a cikin akwati mai garai-garai kamar gilashi, a bar ƙofarsa a gefe. Ƙaramin jariri zai yi ta dukan saman akwatin, daidai inda idonsa ke hango abin, ya ƙi zagayawa ta ƙofa. Abin mamaki, in akwatin ba a ganin cikinsa yakan fi sauƙin samu, domin babu ido da zai ja hannu zuwa bango. Wato nasara a nan tana buƙatar yaro ya ƙi bin abin da idonsa ke umartarsa, ya yi nesa da abin da yake so domin ya same shi. Deborah Fidler ta Jami'ar Jihar Kolorado, wadda ta shafe shekaru tana bibiyar wannan fanni, ta yi irin wannan gwaji tare da abokan aikinta a kan yara 'yan dagwai-dagwai masu lalurar Down, suka wallafa a 2005. Sun tarar yaran suna zaɓar hanyoyin miƙa hannu da ba su kai na takwarorinsu inganci ba, har da takwarorin da ke da wasu larurorin jinkiri na daban. Wannan kwatance na ƙarshe yana da nauyi, domin ya nuna abin ba raunin fahimta ne kawai na gama-gari ba.

Iyaye da malamai ma abin da suke faɗa ke nan idan aka ba su takardar tambayoyi kan halayen yau da kullum. A binciken da Nancy Raitano Lee ta jagoranta a 2011, da wanda Lisa Daunhauer ta jagoranta a 2014, wuraren da suka fi fitowa da matsala su ne riƙe bayani a kai na ɗan lokaci da kuma tsara aiki. Kame zuciya lokacin fushi ko murna bai kai su zama abin kuka ba.

To daga ina abin ya faro? A nan ne nake ganin mutane da yawa ke yin gajeren lissafi, su ce ai ƙwaƙwalwa ce, a rufe zance. Gaskiya ne hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna wasu sassa sun fi ƙanƙanta a masu lalurar: ɓangaren gaba da ke bayan goshi, wanda ke jagorancin tsari da kamun kai, da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya mai daidaita motsi, da sashen da ke adana sabon abin da aka koya. Amma ƙwaƙwalwar jariri da aiki take ginuwa, kuma aikin ta hannu yake shigowa. Kusan duk jariri mai lalurar Down ana haifarsa da sakakkiyar tsoka, jikinsa laɓo-laɓo, gaɓoɓinsa sun cika lanƙwasuwa, yatsunsa gajeru. Zama yakan zo masa a makare da watanni, tafiya kuma galibi sai wajen shekara 2, wasu har 3 ko 4. Jaririn da bai zauna da kansa ba hannayensa biyu suna bakin aikin tokare jiki, babu na juya gwangwani ya ga ƙasansa. Sa'ansa kuwa ya jefar da cokali daga cinyar uwa sau ba adadi, ya ga yadda yake faɗuwa, ya ji ƙararsa, ya rarrafa ƙarƙashin gado ya koyi cewa ta gefe ake fitowa. Kowace ɓarna daga cikin waɗannan darasi ce kan abin da ke biyo bayan wani abu. Wanda bai tara irin waɗannan darussa ba, da me zai hango mataki na gaba?

Shi ya sa aikin likitocin gashi da motsa jiki a shekarun farko ya wuce batun ƙafa. Dale Ulrich da abokan aikinsa a Amurka sun nuna a 2001 cewa jarirai masu lalurar da iyayensu suka riƙa tallafe su a kan ƙaramin injin tafiya na minti 8 a rana, kwana 5 a mako, sun fara tafiya da kansu kimanin kwana 101 kafin waɗanda ba a yi wa hakan ba. Wata uku da ɗoriya na yawo a tsakar gida, da cin karo da kujera, da neman hanyar zagaye ta, ba ƙaramar riba ba ce ga kai.

Bayan batun tsoka, abu na biyu shi ne ma'ajiyar wucin gadi da kowannenmu ke da ita a kai, wadda kake riƙe lambar waya da ita kafin ka sami biro. Ka ɗauke ta kamar farantin mai talla: abin da ya ɗauka ya ɗauka, in aka ƙara sai wani ya zubo. Christopher Jarrold da Alan Baddeley a Bristol ta Ingila sun yi ta auna wannan tun daga shekarun 1990, suka tabbatar cewa a masu lalurar Down farantin da ke ɗaukar abin da aka ji da kunne ƙarami ne ƙwarai, wanda ke ɗaukar abin da aka gani da ido kuwa ya fi shi girma. Yanzu ka tuna yadda muke aiken yara: "Shiga ɗaki ka ɗauko buta, ka zubo ruwa, ka kai wa Baba waje." Saƙo uku ke nan a numfashi ɗaya. Yaron zai shiga ɗakin da niyya mai kyau, ya ɗauki butar, ya fito tsakar gida ya tsaya. Sauran saƙon ya zube a hanya. Ya ga kaza da 'ya'yanta, ya bi su da buta a hannu. Wanda ke kallo daga nesa zai ce ga shi nan, ba ya jin magana.

Kunnen ma kansa sau da yawa yana da nasa ciwon, za mu zo kansa. Amma akwai wani abu game da magana da ba a cika lura da shi ba. Masanin Rasha Lev Vygotsky ya yi bayanin cewa surutun da yara ke yi su kaɗai lokacin wasa, irin "wannan a nan, sai wannan, a'a ba haka ba", shi ne igiyar da suke jan kansu da ita daga mataki zuwa mataki, daga baya surutun ya nutse ya koma tunani. Yaro mai lalurar Down yakan fahimci magana fiye da yadda yake iya furta ta, kuma furucin yakan makara sosai. Igiyar tasa ke nan ta zo a makare, a daidai lokacin da ya fi bukatarta. In ka ga ya girma yana magana shi kaɗai yana aiki, kada ka tsawatar; kayan aikinsa ne.

Idan ka haɗa waɗannan, hannu mai nauyi da faranti ƙarami da harshe mai jinkiri, za ka ga cewa aikin da sa'ansa ke yi da wasa shi da gumi yake yin sa. Ga shi kuma Allah ya ba shi wata baiwa da ke ci tun da wuri: yana son fuska, yana iya murmushin da ke narkar da zuciya, yana gane yanayin mutum. Jennifer Wishart ta Jami'ar Edinbura ta shafe shekarun 1980 da 1990 tana bin jarirai da ƙananan yara masu lalurar tana maimaita musu gwaji, ta kuma rubuta abin da duk wanda ya zauna da irin waɗannan yara zai gane nan take. Da zarar aiki ya ɗan fi ƙarfinsu sai su sauya wasan. Wani ya tafa hannu, wani ya yi bankwana da hannu, wani ya zame ƙarƙashin tebur, wani ya kafe mai gwajin da ido yana dariya har ita ma ta dara. A wani bincike da ta yi da Tom Pitcairn a 1994 sun ba yara siffofi su zura a ramuka, wasu daga ciki da gangan aka yi su ba za su shiga ba. Masu lalurar Down sun fi sauran yaran komawa ga irin waɗannan wasanni na jan hankali. Ta kuma lura cewa abin da yaro ya ci a gwajin yau yana iya faɗuwa a kansa bayan mako biyu, abin da ke nuna cewa gwaji ɗaya ba ya faɗin iyakar abin da ya sani.

A ce ga yarinya 'yar shekara 3 zaune da gwangwanin madara mai murfi, an jefa mata alewa a ciki. Ta girgiza, ta ji ƙara. Ta ja murfin sau ɗaya, bai buɗe ba. Ta ɗago ta dubi yayarta, ta karkatar da kai, ta washe baki, ta ɗora gwangwanin a ka kamar mai talla. Gida ya kwashe da dariya. Yayar ta ce, "Kawo in buɗe miki, 'yar lele." An buɗe, an ba ta, kowa ya ji daɗi. Ni ban ga laifin kowa a nan ba, kuma ban yarda a kira abin da yarinyar ta yi lalaci ba. Lissafi ta yi, kuma lissafin ya fita: murɗa murfi yana da wuya kuma ba tabbas, murmushi yana da sauƙi kuma bai taɓa ba ta kunya ba. Hasali ma wannan tsari ne cikakke, mai manufa da hanya, sai dai mutane ne kayan aikinsa. Asarar ita ce murfin bai sami murɗawa ta biyu da ta uku ba, waɗanda a cikinsu ne ake gano cewa juyawa ake yi, ba ja ba. In haka ta faru sau goma a yini har tsawon shekara uku, giɓin da ya fara daga tsoka ya zama giɓin gogewa.

Akwai wani ƙarin bayani da ya sa lamarin ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. Mutum zai ɗauka yaran nan sun cika neman taimako. Binciken Fidler na 2005 ya nuna akasin haka ta wata fuska: roƙon da ke da manufa, kamar yaro ya miƙa maka gwangwani yana nuna murfin, ko ya nuna abin da ke saman kanta, sun fi takwarorinsu marasa lalura ƙarancin yin sa, alhali wajen neman a yi wasa da su ba a bar su a baya ba. Neman taimako na haƙiƙa shi ma tsari ne mai matakai: na san abin da nake so, na san inda na maƙale, na san wanda zai iya. Abin da yarinyar gwangwani ta yi kuwa ficewa ce daga aikin gaba ɗaya. Don haka koya wa yaro ya ce "taya ni", da baki ko da alamar hannu, ci gaba ne babba.

Ba duka masu bincike ne suka yarda cewa yaran suna da ƙarancin naci tun asali ba. Linda Gilmore da Monica Cuskelly a Ostireliya sun auna naci a kan ayyukan da aka daidaita wahalarsu da matakin kowane yaro, suka tarar ƙananan yara masu lalurar suna dagewa kamar abokan gwajinsu. A wani aikin nasu kuma sun ga cewa yaran da iyayensu mata ke ba su sarari su gwada da kansu sun fi dagewa. A ganina wannan bai rushe abin da Wishart ta gani ba, ya dai nuna inda maɓallin yake. In aikin ya yi daidai da tsawon hannun yaro, zai tsaya a kansa. In ya yi masa nisa, ko kuma an saba karɓe masa, zai nemi mafita. Ya kamata kuma a riƙa tuna cewa yawancin waɗannan bincike a kan yara 'yan ƙalilan aka yi su, sau da yawa ba su wuce ashirin ko talatin ba, kuma matsakaicin sakamako suke bayarwa. Tazarar da ke tsakanin yaro da yaro a cikin masu lalurar tana da faɗi ƙwarai. Akwai wanda zai buɗe gwangwanin nan ya kuma ɓoye murfin don kada a rufe.

Kafin a ɗora wa yaro laifin shagala, a fara duba jikinsa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na yara masu lalurar suna samun matsalar ji, galibi saboda ruwa da ke taruwa a bayan dodon kunne, wanda ke zuwa ya tafi, shi ya sa yaro zai ji ka yau gobe ya yi kamar ba da shi kake ba. Fiye da rabi suna da matsalar ido. Rabi ko fiye suna fama da ɗaukewar numfashi a cikin barci, saboda ƙuncin hanyar iska da sakin tsokar maƙogwaro, har ƙungiyar ta ba da shawarar a yi wa kowane yaro gwajin barci kafin ya wuce shekara 4 ko da iyaye ba su ji minshari ba. Wani bincike a Jami'ar Arizona a 2014 ya tarar yaran da ke da wannan matsalar barci sun gaza waɗanda ba su da ita da maki 9 a gwajin fahimtar magana, kuma sun fi wahalar sauya dabara. Ga raunin aikin tayirod, wata halitta a wuya mai daidaita kuzarin jiki, da ke kawo kasala, ga ciwon zuciya da kusan rabinsu ake haifa da shi. Yaron da ya kwana yana farkawa yana neman iska, ya tashi kunnensa a toshe, duk dabarar koyarwa da za a kawo masa zuba ruwa ne a kwando.

Bayan an duba waɗannan, abin da ya rage yawancinsa a hannun manya yake, kuma mafi wuyarsa shi ne jira. Yaran nan sukan ɗauki daƙiƙu kafin saƙo ya isa, ya juya, ya fito a hannu. Mu kuma shirun daƙiƙa biyu ya ishe mu mu maimaita umarni da wasu kalmomi dabam, wanda hakan ke zubar da abin da ke kan farantin a fara daga farko. Masu aikin koyar da magana sukan ce wa iyaye su ƙirga goma a zuci kafin su sake cewa uffan. Duk wanda ya gwada ya san goman nan tana da tsawo, musamman da safe ana haramar fita.

Sai dabarar koyarwa daga ƙarshe, wadda na fi so saboda ta fahimci zuciyar yaro. Maimakon a ce ya fara sa wando daga zura ƙafa, inda ya fi wuya kuma nasara ke da nisa, sai uwa ta yi duka matakan ta bar masa na ƙarshe: jan wandon daga cinya zuwa ƙugu. Ya ja, aiki ya kammala a hannunsa, shi ya gama. Bayan kwanaki ta bar masa daga gwiwa, sannan daga idon sawu. Kullum yana tafiya ne zuwa wurin da ya riga ya sani. Haka za a yi da gwangwanin alewa: a sassauta murfin saura kaɗan, a mayar mata, a riƙe fuska kada a biye wa wasan kai, in ta murɗa ya buɗe sannan a yi shewa. Murmushin da take nema ba a hana ta shi ba, an dai matsar da shi zuwa bayan aiki.

Tunda ido ya fi kunne riƙo, sai a sauke tsarin daga kai a ajiye shi inda za a gan shi. Sue Buckley a Portsmouth ta Ingila ta fara nuna tun farkon shekarun 1980 cewa yara da yawa masu lalurar suna iya gane rubutattun kalmomi tun suna shekara 3, kuma karatun yana ja musu magana gaba. Ka'idar ɗaya ce da ta hotuna uku da za a manna a bango, buroshi da kofi da tawul, ko jera kayan sawa a kan gado bisa tsarin da za a sa su. Alamun hannu da ake haɗawa da magana su ma haka suke aiki, kuma ba sa hana baki buɗewa kamar yadda wasu iyaye ke tsoro. Aiken buta kuma a raba shi uku, a bar kowane ya sauka kafin a ɗora na gaba, a nuna da hannu ana faɗa.

A gidajen Musulmi akwai wani darasi na jera mataki da ake yi sau biyar a yini ba tare da an kira shi darasi ba. Alwala tana da farko da ƙarshe, tsarinta ba ya sauyawa, da ido ake koyonta, kuma koyaushe akwai babba a gefe yana yi. Duk abin da yaro mai lalurar Down ya fi ƙarfi a kai yana cikinta: kwaikwayo, da maimaici, da son zama cikin mutane. In aka ba shi tasa 'yar butar aka tsuguna tare, za ka ga da farko yana bin hannun babansa a baya da rabin daƙiƙa, ana kurkure baki ya kurkure, ana shaƙa ruwa ya shaƙa ya yi tari. Wannan kwaikwayo ne tukuna. Wata rana uban ya wanke fuska sai ya dakata da gangan, ya yi kamar yana gyara zaman buta, yana satar kallo ta gefen ido. Yaron ya dube shi, ya dubi butar, ya ɗan yi jim, sai ya naɗe hannun rigarsa na dama zuwa gwiwar hannu.